Cikon haƙori na kwamfozit: yadda za ka sa ya daɗe yana sheƙi

Ranar da aka yi wa mutum ciko mai launin haƙori a haƙorin gaba, ko shi mai haƙorin ya tsaya gaban madubi da ƙyar yake gane inda nasa ya tsaya da inda aikin likita ya soma. Sai an shekara ɗaya ko biyu ake ganin bambanci. Na wani yana nan fes, yana ɗaukar haske tare da sauran haƙora. Na wani kuwa ya dushe, ya yi kaushi a harshe, gefensa ya ja layi ruwan ƙasa, har mai shi ya koma kare baki da hannu in zai yi dariya. A nan ne yawancin mutane ke ƙara ƙarfin dirza: buroshi mai tauri, gawayi, gishiri, toka. Ita kuwa wannan dirzar ita ke ƙarasa ɗan sheƙin da ya rage.

Irin wannan ciko sai ƙara yawa yake yi. Tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba a duniya, wadda Najeriya da Nijar duk suka shiga, ake ta rage amfani da tsohon cikon nan mai launin ƙarfe saboda zaibar da ke cikinsa, har Tarayyar Turai ta hana shi daga Janairun 2025 sai da larura. Ke nan duk mai kogo a haƙori, ko wanda nasa ya ɓalle a faɗuwar babur, akwai yiwuwar da farin za a cike masa. Gara ya san yadda ake riƙe shi.

Fara da sanin abin da za a sa maka a baki

Likitoci na kiransa kwamfozit, kuma gauraye ne na abu biyu. Akwai roba mai danƙo wadda ke daskarewa in an haska mata shuɗin haske. Wani likitan haƙori Ba'amurke, Rafael Bowen, shi ya haɗa asalinta a farkon shekarun 1960, sunanta Bis-GMA, kuma har yau tana cikin kayan ciko da yawa. Sai kuma gari mai tauri na gilashi, silika ko zirkoniya, wanda a mafi yawan kayan yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyin cikon. Akwai wani sinadari mai suna silen da ke ɗaure garin da robar.

Ka ɗauke shi kamar daɓen kankare: robar ce siminti, garin ne tsakuwa. Ranar da aka gama daɓe sumul yake. Da shara da takawa suka yi yawa, simintin da ya fi laushi shi ke fara cinyewa, tsakuwa ta leƙo, wata ta fita ta bar rami. In tsakuwar manya ce, daɓen zai yi gargada; in yashi ne mai laushi, ko ya ci ba zai yi muni ba. Haka buroshi da abinci ke yi wa ciko. Fuska mai santsi tana mayar da haske wuri guda, ido ya ga sheƙi. Fuska mai gargada tana watsa shi ko'ina, ido ya ga dushewa.

Saboda haka girman ƙwayar garin ke da muhimmanci. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen maikiron 70. Kayan shekarun 1970 na farko ƙwayoyinsu sun kai maikiron 10 zuwa 50, shi ya sa ba sa gogewa su yi kyau, kuma da wuri suke kama datti. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da masu ƙwayar maikiron 0.04, sun fi kowa sheƙi amma ba su da ƙarfin jure tauna. Daga nan aka koma gauraya manya da ƙanana, ana ta rage girman manyan har suka dawo ƙasa da maikiron 1. A farkon shekarun 2000 kamfanin 3M ya fito da Filtek Supreme, mai ƙwayoyin silika da zirkoniya 'yan mitsi-mitsi da aka dunƙule wuri guda, ta yadda in buroshi ya ci, ɗan ɓarɓashi ke fita ba dunƙulen gaba ɗaya ba. Tokuyama na Japan kuma suka bi ta ƙwayoyi masu siffar ƙwallo, kusan maikiron 0.2. Dalilin duk wannan wahala shi ne tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, kuma ramin da bai kai haka ba ba ya watsa haske sosai.

A ɗakunan gwaji, ana goge ɗan faifan kwamfozit, a haska shi a karkace da digiri 60, na'ura ta auna hasken da ya dawo. Sai a sa shi ƙarƙashin injin da ke jan buroshi da man goge baki sau dubbai, a sake aunawa. Kusan kowane iri sheƙinsa na raguwa, sai dai wani ya fi wani saurin zubewa. Amma kada kalmar "nano" da ke jikin kwali, wato mai ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ta ruɗe ka. Wani nazari da mujallar Dental Materials ta buga a 2014 ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, bai sami hujja mai ƙarfi cewa masu sunan nano sun fi gaurayayyun zamani masu ƙananan ƙwayoyi santsi ko riƙe sheƙi ba. A ganina wannan labari ne mai daɗi ga mara lafiya: kaya matsakaici a hannun likita mai haƙuri ya fi kaya mai tsada a hannun mai gaggawa.

Mataki na farko: tambayoyin kafin a taɓa haƙorin

Tambayi likita kai tsaye: "Likita, wannan kwamfozit ne ko gilas ayonoma?" Duka biyun farare ne, kuma a asibitoci da yawa "farin ciko" ake ce wa kowanne. Gilas ayonoma, wanda aka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1970, yana da amfaninsa: yana sakin fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ba ya tsoron ɗan danshi, ya dace da haƙoran yara da gindin haƙori kusa da dasashi. Amma ba ya sheƙi kamar kwamfozit, kuma ba zai taɓa yi ba. In a haƙorin gaba ne, kuma kyau kake nema, ka san wanda ka biya wa kuɗi.

In kana da niyyar a yi maka aikin ƙara wa haƙora fari da magani, a fara yin sa, a jira kamar mako biyu, sannan a yi cikon. Maganin yana haskaka haƙori amma ba ya haskaka kwamfozit, kuma manne ba ya kamawa da kyau a kan haƙorin da bai daɗe da shan maganin ba. Launin ciko kuma a zaɓe shi tun farko, haƙori na jiƙe da yawu. Haƙorin da ya bushe yakan yi fari fiye da yadda yake, in aka zaɓi launi a lokacin sai cikon ya fita daban washegari.

Masu zuwa a toshe musu wushirya da kwamfozit, ni dai ban ga abin da wushirya ta yi musu ba, amma su sani cewa sun ɗauko aikin kulawa na tsawon rai, don irin wannan ciko duk a fili yake.

Mataki na biyu: abin da ya kamata ya faru a kan kujera

Rabin sheƙin da cikon zai riƙe nan da shekara biyar a wannan zaman ake yanke shi, don haka kada ka je kana duba agogo.

Dole wurin ya bushe. Yawu ko jini in ya taɓa wurin lokacin manne, gefen cikon ba zai kama ba, kuma nan ne layin ruwan ƙasa ke fara fitowa. Wasu likitoci na shimfiɗa 'yar roba mai huda, haƙorin ya leƙo ta ciki. Wasu na amfani da auduga da bututun zuƙe yawu. In dasashinka na zubar da jini da an taɓa, gara a fara wankin haƙori, a bar shi ya lafa kwana kaɗan, sannan a dawo ga ciko.

Za ka ga an shafa wani abu shuɗi na daƙiƙa 15 zuwa 30 an wanke. Asid ne na fosforik, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin 100, yana yi wa ɓawon haƙori ƙananan ƙofofi don manne ya shiga. Dabarar Michael Buonocore ce tun 1955. Bayan manne sai a riƙa sa kwamfozit kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce milimita 2 ba, ana haska kowane sashe wajen daƙiƙa 20, ko yadda kamfanin ya rubuta. Akwai irin da aka yi don a zuba har milimita 4 a tashi ɗaya, amma galibi na turame ne na baya. Fitilar ta matso dab da cikon, ta fuskance shi sosai. Kwamfozit ɗin da bai sha haske ya ƙoshi ba yana zama da laushi a ciki, yana shan ruwa, yana shan launi, kuma buroshi na cin sa da sauri. Fitila mai raunin batir ko mai busasshen kwamfozit manne a bakinta ta ɓata ciko fiye da yadda ake zato.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: iska tana hana saman kwamfozit daskarewa. Ko an haska shi yadda ya kamata, wani siririn sashe na sama yana nan da danƙo. Likita mai lura yakan shafa giliserin a kai ya sake haskawa, ko ya rufe da 'yar leda mai haske, sannan ya goge sashen ya fita. Fuskar da ta daskare a ƙarƙashin leda tana fitowa da ƙyalli kamar an gama, amma robar ce ta taru a sama, ba ta da gari sosai, ba ta daɗewa. Ita ma tana buƙatar guga.

Gugar kashi biyu ce, kuma nan ne ake yawan yanke hanya. Kashi na farko gyaran siffa: a rage abin da ya yi yawa da ƙananan kawunan inji masu laushi, a daidaita gefe da haƙori har farce ba zai ji tudu ba, a sa ka ciji takarda mai launi a ga ko cikon ya yi tsawo. Kashi na biyu fito da sheƙi: ana bin cikon da ƙananan faifai masu kaushi hawa-hawa, irin su Sof-Lex masu hawa huɗu, daga mai kaushi zuwa matsakaici, zuwa mai laushi, zuwa mafi laushi. Kowane hawa aikinsa ya share zanen da na gabansa ya bari. In aka tsallake ɗaya, zanen na nan, ido ba zai gan shi ranar ba amma shayi zai nuna shi bayan wata uku. Inda faifai ba ya shiga sai a yi da kawunan roba, tsakanin haƙora kuma da siririn zirin guga. A ƙarshe wasu na ƙarawa da man guga mai garin daimon, wato lu'u-lu'u. Hannu ya zama da sauƙi, a riƙa ɗagawa ko ana fesa ruwa, don zafi na ɓata robar kuma yana damun jijiyar haƙori.

Hanyar da ba na so ita ce a gama gyaran siffa sama-sama, a ɗauko ruwan manne a shafe cikon, a haska, a miƙa wa mutum madubi. Zai ga ƙyalli har ya yi godiya. Wannan shafen ba ya wuce ɗan lokaci buroshi ya kwashe shi, kuma kafin ya fita yakan yi rawaya. In ka ga an gama ciko a haƙorin gaba ba ka ji an bi shi da guga hawa-hawa ba, ba laifi ka ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara goge min shi."

Mataki na uku: gwaji kafin ka tashi

Harshenka ya fi madubi gaskiya. Bi cikon da ƙarshen harshe, ka kwatanta da haƙorin da ke kusa. Harshe na iya jin kaushin da bai kai maikiron 1 ba, kuma bincike ya nuna cewa da kaushi ya wuce maikiron 0.2 ƙwayoyin cuta ke fara samun wurin maƙalewa. Sa zaren sakace a tsakani: in ya tsinke ko ya fito a tsefe, akwai tudun da ya rage. Ka nemi a busar da haƙorin da iska ka gani, don yawu na sa komai ƙyalli. In ka koma gida ka tsaya bakin taga ka ɗauki hotonsa da waya, ka ajiye.

Da allurar kashe zafi ta sake ka za ka iya cin abinci. Sai dai robar na ci gaba da ƙara tauri har wajen awa 24, don haka a yi haƙuri da goro, baƙin shayi, zoɓo da sigari kwana ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu: riƙo a gida

Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, minti biyu, a riƙe shi da yatsu ba da dunƙulen hannu ba. In gashin buroshinka na bajewa kafin wata biyu, kana danna shi fiye da kima.

Man goge baki shi ne babban mai cin sheƙi, ba buroshin ba. Kowane makilin yana da gari mai gogewa a ciki, ana auna kaifinsa da ma'aunin RDA. Iyakar da aka amince da ita 250 ce, kuma wanda ke ƙasa da 70 ana ɗaukarsa mai sauƙi. Matsalar ita ce ba a cika rubuta lambar a kwali ba. To ka bi alama: wanda aka rubuta masa cewa yana ƙara fari, ko na masu shan sigari ne, ko mai gawayi, galibi ya fi kaifi. Ɗauki na yau da kullum mai fuloraid 1,000 zuwa 1,450 ppm (kashi cikin miliyan), ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Dakakken gawayi, toka, gishiri da garin goge haƙori na gwangwani a raba su da cikon gaba ɗaya. Suna kankare tabon yau, su bar zanen da zai kama tabon gobe ninki biyu. Lemon tsami da ake haɗawa da su ya fi muni, don yana cinye haƙorin da ke kewaye da cikon ma.

Asuwaki ba sai an bari ba. A tauna kan ya yi laushi sosai, a riƙa yanke tsohon kai, in ya bushe a jiƙa shi. In an zo kan cikon a sassauta hannu, a bi daga dasashi zuwa bakin haƙori, kada a yi ta ja gefe da gefe. Wanda ke yini da asuwaki a baki yana gurza haƙoran gaba yana hira, nasa cikon zai riga na kowa dushewa, dasashinsa ma na iya janyewa.

Sai abin da ke rina. Goro, baƙin shayi, kofi, zoɓo, kurkur, sigari da shisha duk suna barin launi, kuma kwamfozit ya fi haƙori saurin ɗauka, don robarsa na shan ruwa kaɗan-kaɗan. Maganin ƙarin jini na ruwa shi ma yana baƙanta haƙora. Ba na ce wa dattijo ya bar goro, don na san ba zai bari ba. Amma ya fasa shi da hannu ko wuƙa, ya tauna da turame, ya kurkure baki da ruwa da ya gama, kada ya kwana da tuƙa a baki. Mai shafa fure kuwa ta sani jan da ke fita daga haƙori da wanki ba lallai ya fita daga gefen ciko ba.

Abu mai tsami, irin su lemon kwalba, tsamiya da zoɓo, yana tausasa saman haƙori da na ciko na ɗan lokaci. Kurkure da ruwa, ka jira kamar minti 30 kafin ka sa buroshi. Ruwan kurkure baki mai barasa a ciki yana tausasa robar, a nemi marar ita. Mai sinadarin kuloheksidin kuma magani ne na 'yan kwanaki da likita ke rubutawa. In aka mai da shi na kullum yana rina haƙori da ciko ruwan ƙasa.

Goruba, ɓare rake da haƙoran gaba, fasa ƙashi, busasshiyar aya, buɗe kwalba da haƙori: waɗannan ba dusar da ciko kawai suke yi ba, ɓalle shi suke yi. Mai cizon haƙora cikin barci ya gaya wa likita a yi masa abin sawa da dare.

Mataki na biyar: ranar wankin haƙori

Wanda zai yi maka wanki ba lallai ya lura da cikon ba, musamman in an yi shi da kyau. Nuna masa tun kafin ya fara. Bakin injin da ke kakkaɓe dattin da ya daskare yana iya zana kwamfozit ko ya ɓantare gefensa. Man guga mai kaushi da fesa garin soda suna dusar da shi a zama ɗaya; akwai gari mai laushi irin na gilaisin da ya fi dacewa. Fuloraid ɗin asibiti mai asid a ciki yana cin garin gilashin da ke cikin cikon, a sa marar asid. In an gama, ka roƙi a bi cikon da robar guga ta kwamfozit. Minti kaɗan ne, kuma in ana yin haka duk wata shida ko shekara, cikon ba ya kaiwa ga muni.

Mataki na shida: in ya riga ya dushe

Busar da haƙorin da tsumma mai tsabta, ka tsaya inda ka ɗauki hoton farko, ka kwatanta. In launin na nan, sheƙin ne kawai ya tafi, ko kuwa tabon a sama yake, guga ce maganinsa. Ba a buƙatar allura, kuma sau da yawa cikon na dawowa kamar sabo. In siririn layi ne a gefe, mai yiwuwa ɗan kwamfozit ne ya hau kan haƙori ya yi leɓe, datti ya shige ƙasansa. Likita zai share leɓen ya goge. In ɗan gefe ne ya ɓalle, ana iya kankare wurin a sa manne a ƙara sabo a kan tsohon. In dukkan cikon ne ya canza launi har ciki, ana iya rage samansa a shimfiɗa sabon sashe.

Kada ka yi saurin yarda a cire ciko lafiyayye don kawai ya dushe. Duk lokacin da aka cire kwamfozit sai an haɗa da ɗan haƙori mai kyau, don launinsu ɗaya, da wuya a ga iyaka, kuma sabon ramin ya fi tsohon girma. Alamomin da ke sa a cire su ne: cikon na motsi ko ya tsage, akwai inuwa baƙa da ke yaɗuwa a ƙarƙashinsa, abinci na maƙalewa a gefensa kullum, ko haƙorin na zafi da ruwan sanyi, da zaƙi, ko da dare. In akwai ɗaya daga cikinsu, ka nemi a ɗauki hoton X-ray na haƙorin kafin a yanke shawara, kuma kada ka jira ranar wanki ta zo.